Yadda za ka karanta littafin Huntington ba tare da ya juya maka kai ba

Duk sanda wani rikici ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya sai ka ga wani a majalisa ya gyara zama ya ce ai dama Huntington ya faɗa, tun tuni Turawa suka tsara abinsu. In ka ce masa a wane babi ya faɗa sai ya fara kame-kame, don bai taɓa riƙe littafin a hannunsa ba, a wani bidiyo na minti uku ya ji labarinsa. Ban raina kowa ba fa, ni ma haka na yi shekaru ina jan sunan mutumin nan a musu kafin wata rana na ci karo da littafin wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, bangonsa duk ya lanƙwashe, na saya na kai gida. Abin da ya fara ɗaukar hankalina ba rubutun marubucin ba ne, rubutun wanda ya riga ni mallakar littafin ne. Bawan Allahn nan ya bi babi ɗaya tal da jan biro, babin da ke maganar Musulmi da yaƙe-yaƙe, ya ja layi ya ja layi har takardar ta kusa hujewa, a gefe ya rubuta "ƙarya ne" wajen sau biyar. Sauran babi 11 kuwa fes suke kamar ba a taɓa buɗe su ba.

To wannan karatun ne nake so kar ka yi. Littafin sunansa The Clash of Civilizations and the Remaking of World Order, wato karon al'adu da sake fasalin duniya, ya fito a 1996, kuma abin da yake cewa a taƙaice shi ne bayan an gama yaƙin cacar baka, manyan rigingimun duniya ba za su kasance a kan aƙidar jari-hujja da gurguzu ba, za su koma tsakanin manyan rukunan al'ada da addini, irin su Yamma, Musulunci, Sin, Hindu, Kiristocin Otodoks da Rasha ke jagoranta, Japan, Latin Amurka, sai Afirka da ya saka ta da ɗan kokwanto kamar wanda aka tilasta.

Kafin ka buɗe shafin farko ka fara sanin mutumin da kuma lokacin. Samuel Huntington farfesa ne a jami'ar Harvard, an haife shi a 1927 ya mutu a 2008, kuma ba malamin aji kawai ba ne, ya yi aiki a majalisar tsaron ƙasa ta fadar White House zamanin Jimmy Carter. Wato mutum ne da ke rubutu yana tunanin me Amurka za ta yi, ba me Kano ko Damagaram za ta yi ba, in ka riƙe wannan rabin haushin da za ka ji ya ragu, don ba da kai yake ba, da masu mulkin ƙasarsa yake. Sannan ka tuna yanayin da ake ciki. Katangar Balin ta faɗi a 1989, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a ƙarshen 1991, tsohon ɗalibinsa Francis Fukuyama ya fito yana cewa shi ke nan dimokuraɗiyya irin ta Yamma ta yi nasara an gama gardama, ga kuma Yugoslabiya tana ci da wuta, Sabiyawa da Kuroshiyawa da Musulmin Bosniya suna kashe juna. A cikin wannan hayaƙin ya rubuta maƙala a mujallar Foreign Affairs a 1993, kuma taken maƙalar da alamar tambaya ya ƙare. Da aka zo littafi bayan shekara 3 sai alamar tambayar ta ɓace. Ni shawarata ka ɗauki fensir ka mayar da ita a bangon littafinka, da gaske nake, ni na yi.

Ka nemi maƙalar 1993 ɗin ka fara da ita, tana intanet, ba ta da tsawo, zama ɗaya za ka gama kafin cajin wayarka ya ƙare. Ita ce ƙashin bayan littafin, sauran shafi ɗari uku da wani abu nama ne aka ɗora. In maƙalar ta gundure ka to kar ka wahalar da kanka da littafin.

Sai taswira. A farkon littafin akwai taswirori guda 3, duniya a 1920, duniya a shekarun 1960, da duniyar bayan 1990 da ya rarraba gida-gida. Ka zauna da ta ukun nan ka ɓata mata lokaci sosai, ka buɗe taswirar duniya ta yau a waya ko kwamfuta ka ajiye a gefe, don duk hujjar littafin a kan layukan nan take tsaye. Ka tambayi kanka me ya haɗa Indonesiya da Maroko da Senegal har suka zama abu guda da zai tashi ya yi faɗa da murya ɗaya. Me ya sa Girka, wadda Turawa ke cewa daga can wayewarsu ta faro, ta faɗa gidan Rasha. Me ya sa Japan ita kaɗai ta samu gida nata amma mafi yawan Afirka kudu da Sahara aka zuba a kwando ɗaya. Ba cewa nake lallai ya yi kuskure a duka ba, amma wanda ya ja layi shi ya riga ya zaɓi sakamakon, kuma mu da Turawa suka zauna a Balin a 1884 zuwa 1885 suka fara tsara yadda za a raba nahiyarmu, har aka wayi gari Katsina na Najeriya Maraɗi na Nijar, bai kamata a ce layin taswira ya burge mu da sauri haka ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai amfani a wajena, kuma shi ne dalilin wannan rubutun. Ka je fihirisar da ke bayan littafin ka nemo inda ka sani da idonka, ka karanta abin da ya ce a kai kafin ka yarda da abin da ya ce a kan inda ba ka sani ba. Mu Najeriya ce. Ya saka ta cikin ƙasashen da ya ce a tsage suke, wato layin da ya raba manyan al'adu biyu ya ratsa ta cikinsu, arewa Musulmi kudu Kirista, tare da irin su Sudan, kuma ya jingina yaƙin basasa da juyin mulki da tarzoma da wannan tsagewar. Jimla ɗaya ko biyu ce kawai, ya wuce abinsa. To kai da ka san ƙasar sai ka tsaya ka auna. Yaƙin Biyafara 1967 zuwa 1970, wa ke jagorantar gwamnatin tarayya? Yakubu Gowon, Kirista ɗan Filato, ɗan mai wa'azin coci ma kuwa. Wa ya karɓi miƙa wuyan Biyafara a fagen daga? Obasanjo, Kirista Bayarabe. A ina za a saka Yarabawa a wannan taswirar, mutanen da za ka samu gida ɗaya uba na zuwa masallaci uwa na zuwa coci ana cin tuwon sallah da na Kirsimeti tare? Abin da ya fi ba ni dariya ma, a daidai lokacin da maƙalar ke fitowa a 1993, ranar 12 ga Yuni, 'yan Najeriya suka fita suka zaɓi Abiola da Kingibe, Musulmi da Musulmi, Kiristocin kudu suka zuba musu ƙuri'a, kuma Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, mahaifar Tofan.

Amma kar ka yi saurin tafi, don in za a yi adalci akwai inda maganarsa ke cizo. Zangon Kataf 1992, Kaduna 2000, Jos 2001, duk wanda ya rayu a garuruwan nan ya san akwai ranar da abin da ake tambayarka a shingen hanya shi ne sunanka da addininka, ba jam'iyyarka ba. Wannan gaskiya ne kuma ɓoye shi ba zai amfane mu ba. Sai dai ka ci gaba da lissafin har ƙarshe, ka sa Zamfara da Katsina da Sakkwato inda mai kisa da wanda ake kashewa alƙibla ɗaya suke kallo, ka sa harin babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, ka sa Borno da Yobe. Sai ka ga ma'aunin nasa ya kama wani abu ya saki wani, kuma wanda ya saki ɗin ba ƙarami ba ne. In haka ya yi wa ƙasar da ka sani, to ka san irin gishirin da za ka zuba in ya zo maganar Kokesas ko Kashmir da ba ka taɓa zuwa ba.

Sudan ma haka. Ya ce arewa da kudu ne matsalar, kuma eh an raba ƙasar ranar 9 ga Yuli 2011, wanda duk mai goyon bayansa zai ce ka gani ko. To amma Disamba 2013 Salva Kiir da Riek Machar suka kaure da yaƙi a cikin Sudan ta Kudun, Darfur tun 2003 Musulmi ne da Musulmi, sannan Afrilu 2023 Burhan da Hemedti suka mayar da Khartum kufai, 'yan uwanmu Hausawan Sudan na cikin waɗanda abin ya ɗaiɗaita.

Dabara ta gaba ita ce ka samu littafin rubutu ɗan ƙarami, ni na 'yan firamare na yi amfani da shi mai shafi 40, ka ja layi a tsakiyar shafi, duk inda marubucin ya yi hasashe ka rubuta a hagu da lambar shafin, a dama ka rubuta abin da ya faru. Wannan ne daɗin karanta tsohon littafin siyasa, kai kana da shekara kusan 30 da shi bai gani ba. Misalin da ya fi kowanne daɗi shi ne Yukren. A fitowar mujallar nan guda ta 1993 akwai wani farfesan, John Mearsheimer na jami'ar Chicago, da ya rubuta cewa Yukren ta riƙe makaman nukiliyar da ta gada daga Sobiyet don wata rana Rasha za ta iya afka mata. Huntington ya ce a'a, in dai al'ada ce ke aiki to da wuya Rashawa da 'yan Yukren su yi yaƙi don 'yan uwan juna ne, abin da ya fi hangowa shi ne ƙasar ta iya tsagewa biyu, yamma da gabas, kuma ma ya fi zaton za ta zauna a haɗe tana ɗasawa da Rasha. Yukren ta sa hannu a yarjejeniyar Budapest a Disamba 1994 ta rabu da makaman. Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta shiga da tankoki ranar 24 ga Fabrairu 2022, kuma garuruwan da suka fi shan bama-bamai irin su Mariupol da Kharkiv na gabas ne masu jin Rashanci. Me za ka rubuta a dama? Ni na rubuta cewa ya ga tsagar amma bai ga yaƙin ba, kuma yaƙi mafi girma a Turai tun 1945 a cikin gida ɗaya na taswirarsa aka yi shi.

Kar littafin rubutun naka ya zama na neman laifi kawai, in ka yi haka ka zama mai jan biron nan. Akwai wuraren da dole ka sara masa. Ya ce ƙasashe za su karɓi fasaha da kuɗi da makaman zamani amma ba za su zama Turawa ba, za su ma ƙara riƙe nasu, ka dubi Sin, ka dubi Indiya tun hawan Modi a 2014. Ya ce Turkiyya za ta daɗe tana ƙwanƙwasa ƙofar Turai ba a buɗe mata ba, ta nemi shiga tun 1987 kuma har yau tana waje, ya kuma hango tana iya juyowa ta fuskanci duniyar Musulmi. Ya ce tashin Sin ne babban abin da zai girgiza Amurka, a lokacin da mutane da yawa ke ganin Sin wajen ɗinka takalma ne kawai. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne a ce mutum ya faɗe su a 1996.

Sai babin da kowa ke gudu ya je, na 10, inda ya ce iyakokin Musulunci jini ne ke zuba a kansu. In ka iso nan ka sha ruwa tukuna. Ni ranar da na karanta shi rufe littafin na yi na fita waje na zaga, sai washegari na dawo. Abin da za ka yi shi ne ka bar jimlar ka koma kan teburan alƙaluman da ya kafa hujja da su, ka duba na waɗanne shekaru ne. Na farkon shekarun 1990 ne, 'yan shekaru ƙalilan, lokacin Bosniya da Checheniya da Nagorno-Karabak na kan ganiya. Sai ka tambaya, in da an ɗauki 1914 zuwa 1945 aka yi irin wannan lissafin iyakar wa za ta fito da jini? Ruwanda a 1994 fa, inda aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100 kuma kusan duk Kiristoci ne ɓangare biyun, a wane layi ta faɗa? Ka kuma lura shi kansa da ya zo bayanin dalili bai tsaya kan addini kaɗai ba, ya kawo yawan matasa 'yan shekara 15 zuwa 24 da ba su da abin yi, ya kawo rashin wata babbar ƙasa guda da za ta tsawata a duniyar Musulmi, ya bi Saudiyya da Iran da Masar da Pakistan da Turkiyya da Indonesiya ɗaya bayan ɗaya ya ce kowacce da nakasunta. Maganar matasan nan kuwa in ka cire haushi ka dubi unguwarku da ƙarfe 11 na safe ranar Talata, za ka ga ba daga sama ya tsinto ta ba.

Wani abin lura, ka dinga raba gwamnati da jama'a yayin karatun, don shi yana yawan tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba tare da ya sanar ba. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 misali ne. Saddam ya mamaye Kuwait a Agusta 1990, Musulmi ya ci Musulmi, Saudiyya da Masar da Siriya suka bi bayan Amurka, har Nijar da Senegal sun tura sojoji. Ta fuskar gwamnatoci ke nan taswirarsa ta rushe. Amma a titi labarin daban ne, duk wanda ya yi wayo lokacin ya san yadda hoton Saddam ya cika motocin haya a arewa, kuma yau in ka haɗu da mai suna Saddam ba sai ka tambayi shekarunsa ba. Huntington titin ya kalla ya ce kun gani. Kai sai ka tambaya to wa ya harba bindiga, titi ko gwamnati.

Kar ka tsaya a babi na 10 ɗin, ka daure ka kai na 12, don a can ne za ka ga abin da masu jan sunansa a majalisa ba su sani ba. Mutumin bai ce Yamma ta je ta yaƙi kowa ba. Cewa ya yi tunanin da Turawa ke yi na cewa al'adarsu ta kowa da kowa ce kuskure ne kuma haɗari ne, ya ce manyan ƙasashe su daina tsoma baki a rikicin da ke cikin gidan wasu. Wato da an bi ta tasa da ba a shiga Iraƙi a 2003 ba. A nan ne kuma ya zana wani yaƙin duniya na ƙirƙira da ya ce zai iya tashi a 2010 daga rigimar Sin da Biyetnam kan teku, ka karanta shi kamar tatsuniya, 2010 ta zo ta wuce.

In ka gama kar ka bar shi shi kaɗai a kanka, ka nemo wanda ya yi masa raddi. Edward Said, Bafalasɗine malamin jami'ar Columbia, ya rubuta gajeren martani a mujallar The Nation a Oktoba 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba lokacin da littafin ya koma kasuwa kamar ƙosai mai zafi, kuma babban ƙorafinsa shi ne an ɗauki Musulunci da Yamma kamar wasu akwatuna biyu rufaffu alhali cikin kowanne ana ta gardama kuma sun daɗe suna cuɗanya. Shi ma Said ka karanta shi da fensir, yana da zafi, wani wajen zafin ya fi hujjar yawa. Ka kuma san cewa kalmar karon nan ba Huntington ya fara ta ba, Bernard Lewis ya yi amfani da ita a 1990, kuma shugaban Iran Muhammad Khatami ya mayar da martani da kiran a yi tattaunawa tsakanin al'adu har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2001 don haka, sai ga abin da shekarar ta zo da shi.

Maganar Turanci, littafin ba shi da wuyar harshe kamar yadda ake tsoro, jimlolinsa a miƙe suke, sunayen wurare ne ke gajiyarwa. Kar ka tsaya duba kowace kalma a ƙamus, ka tsaya duba kowane wuri a taswira, wannan ya fi. Babi ɗaya a mako ya isa, wata 3 ka gama, kuma in da hali ku yi ku biyu ko uku don a samu mai ja da kai.

Ƙanena da ke karantar kimiyyar siyasa ya zo hutu ya ga littafin a kan tebur ya ce Yaya ara min, malaminmu ya ce sai mun yi rubutu a kansa. Na ce ɗauka, amma littafin rubutun nan zan riƙe abina, ka je ka sayi naka ka ja layinka. Bayan sati 2 ya turo min saƙo da daddare wai Yaya a wane gida mutumin nan zai saka rigimar ECOWAS da Nijar ta 2023, lokacin da aka rufe iyaka aka yanke wuta, 'yan Illela da 'yan Ƙonni suna kallon juna ta shinge. Na ce masa ya duba fihirisa ya gaya min. Har yanzu bai dawo min da littafin ba.